Yadda Ngo Firisila Ta Ɓatar da Ƙaya

Ngo Firisila ita ce Uwar Zumuntar Mata a wata 'yar majami'a mai rufin kwano da ke gangaren Rikkos a Jos. Ngo ɗin nan haka Birom ke kiran uwa, kuma har waɗanda ba Birom ba sun kama, ba mai iya kiran sunanta tsirara. Da safe tana kasuwar Taminus a bayan tulin dankalin Turawa da kabeji, tana ciniki da baki ɗaya, tana kwasar labarin gari da kunne biyu. Ranar Alhamis kuwa, da ƙarfe uku ta yi sai ta ɗaure bakin buhu, ta ɗaura zanen zumunta, ta nufi majami'a.

To, a daminar saba'in da takwas ta jawo wa kanta magana da bakinta.

Shekara goma sha biyar Da Pwajok ke koya wa matan nan Littafi Mai Tsarki. Da ɗin nan kuma haka Birom ke kiran uba. Dattijon ikkilisiya ne, tsohon akawun masu haƙar kuza, mutumin kirki wanda bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Sai dai koyarwarsa! Zai buɗe Littafi, ya gyara tabarau, ya kama karatu da murya ɗaya kamar ruwan sama a kan kwano. Kafin ya kai aya ta goma rabin mata sun sunkuya. Shi yana tsammani addu'a suke yi. Akwai ranar da Mariya mai ƙosai ta saki minshari har jaririn da ke bayan wata ya firgita.

Ana cikin haka sai ga Ana, matar Gyang malamin firamare, wata siririya da ba ta kai talatin ba, wadda ta yi shekara biyu a makarantar Baibul. Ngo Firisila ta ji ta sau ɗaya tana yi wa yara bayani ranar Lahadi, sai ta tashi ta je gaban dattawa ta durƙusa, ta ce a ba yarinyar nan ajin mata. Aka yi ta ja, aka yi ta saki. Daga ƙarshe Fasto ya yanke: a ba Malama Ana Alhamis huɗu. A ta huɗun Da Pwajok zai zo ya zauna ya ji da kunnensa. In ya ce ta iya, aji ya zama nata. In ya ce a'a, ya karɓi abinsa, kuma kada a sake jin bakin kowa.

Ana ba ta fara da wa'azi ba. Ranar farko ta ɗaga Littafin sama ta ce, "Iyayena mata, wannan daga ina ya zo?"

"Daga kantin littattafai," in ji Mariya. Aka kwashe da dariya.

"Kafin kanti fa?"

Wata daga baya ta ce, "Daga ƙasar Turawa."

Nan Ana ta zauna ta warware musu. Ta ce ba Turawa suka rubuta shi ba, su ma karɓa suka yi kamar kowa. Ta ce littattafai ne da yawa aka ɗinke wuri ɗaya, mutane daban-daban suka rubuta cikin ɗaruruwan shekaru, akwai sarki a cikinsu, akwai makiyayi, akwai masunci, har da likita. Na farkon da Ibraniyanci, na bayan da Helenanci. Ta ce a zamanin babu injin buga littafi, a kan fata ake rubutawa da wata irin takarda ta kara, kuma duk mai son nasa sai ya sami mai zama ya kwafe masa da hannu, baƙi bayan baƙi.

Ba wadda ta yi gyangyaɗi. Mariya ma har tambaya ta yi, wai fatar akuya ce ko ta tunkiya.

Labari kuwa ba ya kwana a Rikkos. Asabar da safe Ngo Firisila tana jera dankali sai ta ga takalman Da Pwajok a gaban kayanta, an goge su har suna ɗaukar ido.

"Da, sannu da fitowa. A zuba na miya ne?"

"Ba dankali ya kawo ni ba, Ngo. Me nake ji 'yar taki Ana tana gaya wa mata? Wai da hannu aka yi ta kwafe Maganar Allah?"

"To ƙarya ce, Da?"

"Ban ce ƙarya ba ce. Ni ma na sani. Amma ni akawu ne, na san hannun ɗan Adam. Ki ba mutum takarda ya kwafe, sai ya yi kuskure. In kika gaya wa matan nan haka, gobe wata za ta kwanta ta ce, to ashe abin da muke karantawa ma ba tabbas. Wa zai gyara wannan ɓarnar? Ke?"

Ya ɗauki dankali ɗaya ya jujjuya, ya ajiye, ya tafi. Ngo Firisila ta bi bayansa da harara, amma maganar ta zauna mata a ciki kamar ɗanyen rogo.

Alhamis ta uku Ana ta zo da sabon littafin rubutu, ta yayyage shi, ta raba wa duk wadda ta iya riƙe fensir. Su goma sha ɗaya ne, yawancinsu 'yan ajin yaƙi da jahilci. Ta riga ta cika allo da misalin mai shuka, wanda irinsa ya faɗa wuri huɗu: bakin hanya, kan dutse, cikin ƙaya, da ƙasa mai kyau.

"Kowa ta kwafe abin da ke kan allo," in ji ta. "Kada ki leƙa na maƙwabciyarki. In kin gama ki ninke ki tafi da shi gida. Kada ki gyara, kada ki buɗe Littafi ki duba. Alhamis mai zuwa ki dawo mini da shi yadda yake."

"Jarrabawa ce, Malama?"

"Ba jarrabawa ba ce. Ku dai kawo, za ku gani."

Aka duƙufa. Ka ji majami'a tsit, sai numfashi da ƙarar fensir. Ngo Firisila ta baje takardarta a kan bencin baya, inda ita da Mariya suka saba zama, tana zana baƙaƙe manya-manya, don tana ji da rubutunta. Ta kai tsakiya ke nan sai Mariya ta matso da baki kusa da kunnenta, ta raɗa mata cewa an ga 'yar mai unguwa a gidan gaba a motar wani direban tifa, har da tabarau. Wa zai ji wannan bai ɗaga kai ba? Ngo ta ɗaga, ta tambayi wace rana, wane direba, tabaran nata ne ko aro. Da ta ƙoshi ta mai da ido kan allo, ta sami layin da ya yi mata kama da inda ta tsaya, ta ci gaba abinta.

Da kowa ta gama, Ana ta jiƙa tsumma ta goge allon tas, ta yi addu'a, ta tafi ɗora tukunya.

Ita dai Ngo ba ta yarda ba jarrabawa ba ce. Wace irin malama ce za ta sa a yi rubutu a kawo ranar da baƙo zai zo, ta ce ba jarrabawa ba? Ta tsai da matan a gindin mangwaron ƙofar majami'a ta ce kowa ta buɗe tata.

Wayyo. Ta Mariya ta riga ta sha man ƙosai, har ana hango hannu ta bayanta. Ta Ulonma, matar mai sayar da kayan keke, layukan sun gangara kamar akuya na saukowa daga dutse. Wata ta goge da yawu har takarda ta huje. Wata rubutunta ƙanana kamar an watsa acca a tabarma.

Ngo Firisila ta dafe ƙirji. "Wannan za mu ajiye a gaban Da Pwajok? Mutumin da ke ja wa takardar cefane layi da rula? Ai ko zama ba zai yi ba. Zai ce ga irin aikin ɗaliban Ana nan. Mun kashe yarinya ke nan, mu koma barci."

"To ya za mu yi, Ngo?"

Zumunta tana da al'adarta, kuma kowa ya san ta. Ba a barin 'yar'uwa ta ji kunya a gaban jama'a. In bikinki ya zo ba ki da kwanuka, kwanuka za su zo ta ƙofar baya. In zanenki ya koɗe, za ki tarar da wani a ninke a kan gadonki, ba kuwa za ki taɓa jin wadda ta kawo ba. Abin da za a kai gaban dattijo kuma, sai an wanke an goge. Don haka ba wadda ta ga laifi da Ngo ta ce, "Ku bar mini. Za mu fitar da ita kunya, ba kuma sai ta sani ba."

Ulonma ta ce, "Mama, a haɗa duka a duba, ko? Wanda ya fi daidai a ɗauka."

"Wanne ya fi daidai kuma? Ga nawa nan, makaho ma zai karanta."

Ba a jayayya da Uwar Zumunta a kan rubutunta. Aka watse.

Washegari Ngo ta bar wa maƙwabciyarta jiran dankali, ta ratsa ta cikin 'yan gwanjo zuwa barandar da Nkiruka ke zama da tafiretarta. Nkiruka ita ke buga wa mutane takardar neman aiki da wasiƙar kotu, yatsunta na gudu bakinta na cin gyaɗa, Hausarta kuwa ta 'yan koyo ce.

"Mama Dankali! Yau kai ma za ka nemi aikin gwamnati ne?"

"Rufa mini asiri, 'yata. Wannan nake so ki buga mini, guda goma sha ɗaya, duka iri ɗaya. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Nkiruka ta ɗaga takardar ta duba. "Na coci ne? To ba wahala. Zan sa kabon, huɗu-huɗu yana fita. Abin da ido na ya gani, shi hannu na zai buga. In akwai kuskure, na Mama ne, ba nawa ba."

"Kuskure a ina? Buga kawai."

Ta kuwa buga, ƙwas ƙwas ƙwas. Takardu suka fito fes, layi a miƙe kamar sojoji, har da ɗan ado na taurari a sama da Nkiruka ta ƙara don Allah. Ngo Firisila ta riƙe su a ƙirji har rumfa, ranar ko ciniki ba ta ja da kowa ba.

Ranar Lahadi bayan sujada ta bi matan ɗaya-ɗaya a bayan majami'a tana cusa musu. "Ki rubuta sunanki a ƙasa. Tsohuwar kuma ki sa a murhu, kada in sake ganinta."

Alhamis ta huɗu aka tashi da yayyafi da sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi. Duk da haka majami'a ta cika, har da matan da rabonsu da zumunta tun Ista. Da Pwajok ya iso da lema da kwat, aka ajiye masa kujera a gaba, ya zauna ya ɗora Littafinsa a gwiwa. Aka yi waƙa biyu, aka buga tulu da caki, aka yi addu'a.

Ana ta miƙe. "Da, barka da zuwa. Makon jiya iyayena sun kwafe misalin mai shuka daga allo, na goge. Yau za mu mai da shi kan allo daga takardunsu kawai, ba tare da mun buɗe Littafi ba. In mun gama, kai za ka buɗe ka duba mu. Iyayena, a kawo takardu."

Ngo Firisila ta fara tashi, tana tafe tana rangaji, ta ajiye tata a tebur. Sauran suka biyo. Takardu goma sha ɗaya farare tas, da taurari.

Ana ta ɗauki ɗaya. Ta ɗauki ta biyu. Ta juya bayanta ko za ta ga fensir. Ngo tana jiran ta ga murmushi, sai ta ga fuskar yarinyar ta zube kamar an ce mata tuwo ya ƙone ga baƙi a zaure.

"Ngo... wa ya buga waɗannan?"

"Ke dai ci gaba da aikinki, 'yata," in ji Ngo, tana ƙifta mata ido.

Da Pwajok ya miƙa hannu. "Mu gani." Ya gyara tabarau. "Kai, aiki ya yi tsabta. Wannan tafireta ce mai kyau." Ya fara karantawa a hankali yana gyaɗa kai. Can sai kan ya tsaya. Ya koma sama. Ya ɗaga yatsu yana lissafi: ɗaya, biyu, uku. Ya ɗauki wata takardar, ya sake: ɗaya, biyu, uku.

"Malama, a makarantarku wuri nawa aka ce irin ya faɗa?"

"Huɗu, Da."

"To ga hanya, ga dutse, ga ƙasa mai kyau. Ina ƙaya?"

Ngo Firisila ta sunkuyar da kai. Direban tifa ya faɗo mata a rai, shi da tabaransa.

Da Pwajok ya bi takardun duka, ya jera su a tebur. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ciwo ke nan. "Goma sha ɗaya, bakinsu ɗaya, duka sun ce babu ƙaya. Kwana bakwai kacal, a gari ɗaya, an share gona guda daga Maganar Allah. To ku gaya mini, in haka hannun mutum yake, me matan nan za su ɗauka game da shekara dubu biyu? Abin da na guda ke nan. Malama, ba don ƙi ba, amma ina ganin..."

"Da, ka ba ni minti biyar," in ji Ana. Ta juya ga matan, idonta ya ciko. "Iyayena, ina waɗanda kuka rubuta da hannunku?"

Kowa ta dubi Ngo. Ngo ta dubi rufin kwano.

"Na ce a ƙone," in ji ta daga ƙarshe, da wata 'yar murya da ba a san ta da ita ba. "Sun yi datti ne, 'yata. Ban so a yi miki dariya."

Ana ta dafa tebur. Da Pwajok ya fara laluben lemarsa.

Sai Mariya ta yi tari. Ta sa hannu cikin ɗankwalinta, ta zaro wata 'yar takarda mai maiƙo. "Ngo, ki yafe ni. Na kai ta bakin murhu, hannuna ya ƙi. Da sunan Allah a ciki, ya zan sa a wuta?"

"Ni ma," in ji Ulonma, tana kwance haɓar zani. "Mama, in ƙone maganar Yesu? Ni da yara biyar?"

Kan ka ce me, takardu sun fara fitowa. Wata daga cikin littafin waƙa, wata daga jakar goyo, wata ta juya wa Da Pwajok baya ta ciro tata daga inda mata ke ajiye abin da ba sa so ya ɓata. Wata da gidanta ke bayan majami'a ta ruga cikin yayyafi ta dawo da gwangwanin madara, takardar na ciki tare da katin asibitin yara. Goma suka taru.

"Saura ɗaya," in ji Ana.

Ngo Firisila ta yi ajiyar zuciya, ta buɗe jakarta, ta fito da tata a ninke cikin leda.

"Au!" in ji Mariya. "Mai ba da umarni ma ba ta ƙone ba!"

"Rufe mini baki, uwar gulma. Ba ke kika jawo ba?"

Dariya ta ɓarke, har Ana ta goge ido da bakin mayafi tana yi. Ta ce, "Kun ga abin da kuka yi yanzu? Haka mutanen dā suka yi. Ba sa yar da takardar da ke da Maganar Allah ko ta tsufa. Shekara talatin da suka wuce wani makiyayi ya tarar da irinsu cikin tuluna a kogo, kusa da Tekun Gishiri, sun fi shekara dubu biyu a ajiye. To, kowa ta riƙe tata. Da, don Allah kada ka buɗe Littafin tukuna."

Da Pwajok ya mai da lemar ƙasa. Ya gyara zama.

Aka fara, layi-layi. Ana ta ce kowa ta karanta layin farko, ita kuma ta rubuta a allo abin da suka haɗu a kai. A layi na biyu aka sami matsala. Goma sun ce iri, ta Ngo Kaciya, wata tsohuwa manomiya, ta ce acca.

"Ngo, a allo acca na rubuta?"

"To me mutum zai watsa da hannu haka in ba acca ba? Na ga kin manta ne, na gyara miki."

"Goma sun ce iri, ɗaya ta ce acca. Wanne za mu rubuta?"

"Iri!" in ji majami'a.

Da aka zo inda tsuntsaye suka cinye na bakin hanya, ta Mariya ta ƙara da cewa Allah ya isa. Mariya ta rantse ba ta san sanda hannunta ya rubuta ba, abin ne ya ba ta haushi. Aka cire. Ulonma ta tsallake rana da ta ƙone na kan dutse, amma sauran goma suna da ranarsu. Wadda ta huda tata da yawu ta rasa kalma uku, aka samo mata a wajen maƙwabta.

Sai aka iso ƙaya. Ana ta ce, "Mai ƙaya a takardarta ta ɗaga hannu."

Hannu goma suka tashi. Ngo Firisila ta zauna da nata a cinya, tana kallon wata ƙusa a bango kamar ba ta taɓa ganin ƙusa ba.

"Da," in ji Ana, "waɗancan masu taurari ba shaidu goma sha ɗaya ba ne. Shaida ɗaya ce aka maimaita, duka daga ta Ngo suka fito. Waɗannan masu dattin su ne goma sha ɗaya. Kowacce ta yi kuskure, ba wadda ta tsira. Amma ba su yi shi a wuri ɗaya ba, don kowa da abin da ya ɗauke mata hankali. Na Sabon Alkawari da aka kwafe da hannu cikin Helenanci, waɗanda suka rage har yau, sun fi dubu biyar, daga ƙasashe daban-daban, wajen mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Masana suna jera su ne kamar yadda muka yi."

Da Pwajok ya tashi ya zo gaban tebur. Akawun da ke cikinsa ya farka. Ya ɗauki ta Mariya da yatsu biyu saboda man, ya kara ta da ta Ulonma. "To in suka rabu biyu fa? Rabi nan, rabi can?"

Kamar ya sani. A layin ƙarshe shida suka ce mai shukar ya sami amfani, biyar suka ce ya sami albarka. Aka yi ta musu, kowa na cewa ita ta ga allo da idonta.

Ana ta rubuta ta shidan a layi, ta rubuta ta biyar ɗin ƙanana a ƙasan allo. "Akwai wurare irin wannan, Da, ba zan ɓoye ba. In masana ba su tabbata ba, sukan sa ɗaya a sama, ɗaya a ƙasan shafi, kowa ya gani. Amma ku duba, iyayena: da amfani da albarka, akwai wadda ta hana gonar yin kyau?"

"Babu!"

"To Da, bismilla. Buɗe ka duba mu."

Ya buɗe. Ya sa yatsa a Littafi, ya sa ido a allo, yana bi kalma-kalma, leɓensa na motsi. Yayyafi na sauka a kwano. Ngo Firisila ta kama hannun Mariya ta matse har sai da ta ce wash. Ya kai ƙarshe, ya koma farko, don shi ba ya sa hannu a takarda sai ya bi ta sau biyu.

Ya rufe Littafin. Ya cire tabarau ya goge da hankici, ya daɗe yana gogewa.

"Ƙaya ta dawo," in ji shi. "Ba abin da ya ɓace."

Wata ta rangaɗa guɗa, mai tulu ta kai masa duka. Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ban gama ba. Shekara talatin ina aikin akawu, kullum in na ga takardu sun yi daidai da juna sai in ce shi ke nan. Yau ga goma sha ɗaya sun yi daidai, duka kuwa ba daidai ba." Ya juya. "Ngo Firisila, ke kika kusa kashe ajin nan da taimako."

"Na karɓa, Da."

"Malama, zan gaya wa Fasto aji naki ne. Amma waɗannan takardun ki ara mini, har da ta Ngo, musamman ma ta Ngo. Zumuntar maza na zama ran Asabar."

"Da, tawa kuma? A gaban maza? Da sunana a jiki!"

"Da sunanki, manya-manya. Makaho ma zai karanta."

Matan suka faɗi kan juna don dariya. Wa ya kai masa wannan maganar ta gindin mangwaro, har yau ba a sani ba, ko da yake Ulonma ta yi saurin sunkuyawa tana gyaran goyo.

Ya tattara takardun, ya sa cikin aljihun kwat, ya ɗauki lema. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Malama, mako mai zuwa me za ki koyar?"

"Yadda aka juya shi zuwa Hausa, Da."

"Ƙarfe huɗu?"

"Ƙarfe huɗu."

"To a bar mini wuri. Ba a gaba ba, kada in takura muku. Can a bencin baya."

Ya buɗe lema ya fita. Ngo Firisila ta rungume Ana har ta ɗaga ta daga ƙasa, sannan ta sake ta, ta juya ga Mariya, fuskarta a yamutse.

"Kin ji? Bencin baya ya ce. Namu!"

"To yanzu a ina za mu riƙa yin magana, Ngo?"

"Sai a hanya. Ɗauko lemarki, ki ƙarasa mini na direban nan kafin mu kai gida."